Kofin Luan Ya Kai Ƙasa

Shekara talatin Luan Dehai yana sayar da kifi a kasuwar bakin teku ta Qingdao, kuma shekara talatin ɗin nan bai taɓa komawa gida ba tare da ledar giya tana reto a yatsansa ba. Kowa a unguwar haka yake yi, sai dai shi leda biyu yake ɗauka. Ya zauna da jatan lande a faranti, ya kora, ya ce ai ruwan sha'ir ne kawai.

Ruwan sha'ir ɗin ne ya fara kama shi ta babban yatsan ƙafa. Yatsan ya kumbura ya yi jajir, ko zanin gado ya taɓa shi sai Luan ya yi ƙara. Daga baya likita ta duba hantarsa, ta faɗa masa ba kwana-kwana: in ya koma sha, kada ya sa ran ganin jika.

Ya daina. Wata goma sha ɗaya yana fama, matarsa Meifen na shan masifarsa. Abin da ke tsorata shi ɗaya ne, bikin 'yarsa Yunshu. Uban amarya dole ya bi teburi-teburi, a haɗa kofi, ya shanye tas. Ƙin shanyewa kuwa cin fuska ne.

"Ka zuba ruwa a kwalba mana, wa zai sani?" in ji Meifen.

"Ni zan sani. A bikin 'yata ba zan yi ƙarya ba."

Ranar bikin, ya fito da butar shayi a hannu, ido na ganin ido. Abokansa na kasuwa suka yi ta tsiya, wai an mayar da shi tsohuwa. Ya wuce su. A teburin manya ne ya ci karo da Kawu Zang, babban dangin ango, dattijo mai taurin kai, wanda ya cika kofinsa da giya har tana zuba.

"Suruki, shayi za ka ba ni? Raini ne ko me?"

Wallahi ƙamshin giyar ya ja Luan. Amma a al'adarsu ƙarami kan sauke kofinsa ƙasa da na babba don girmamawa, sai Luan ya sauke nasa. Ya ƙara saukewa, ya durƙusa har gindin kofin ya taɓa ƙasa.

"Kawu, hantata ta ƙare. Ina so in ga abin da yaran nan za su haifa."

Dattijon ya dubi kofin da ke ƙasa. Can sai ya dafa teburi, ya tsuguna da ƙyar, ya haɗa kofinsa da na Luan a ƙasan.

"Ƙanena bai iya faɗin haka ba," ya ce. "Bara muka binne shi. Sha shayinka."

Luan ya shanye tas. Ya miƙe da ƙafarsa ba wanda ya kama shi, sannan ya miƙa hannu ya ɗago dattijon.