Gammon Hafsat a Kan Dutse

Na baro sarin kaya a kasuwar Shisanhang a nan China na tsaya ƙofar makarantar su 'yata, sai ga motar da ta kai su hawan dutse ta iso. Hafsat ɗina ta sauko da jaka a baya, ta naɗe rigar sanyinta ta yi gammo, ta ɗora wata jakar a ka. 'Yan matan China biyu suka biyo ta suna gwada nasu, suna tangaɗi suna dariya.

Yarinyar nan tunda muka taho da ita daga Kano, ko "ni hao", wato sannu, ba ta iya ce wa mai shagon ƙasan gidanmu. Da makaranta ta ce za a kai su duwatsu su kwana a tanti, har kuka ta yi. Ni kaina sai da babanta ya lallaba ni.

Na ce, "Ke Hafsat, dako kika koma?"

Ta ce, "Umma, ƙawata Lin ce ta gurɗe ƙafa muna saukowa. Kowa da jaka a bayansa, aka rasa mai ɗaukar tata. Sai na tuna yadda Kaka take ɗauko itace. Da wuyana ya gaji na koya wa sauran, muka riƙa karɓa-karɓa har ƙasa."

Can sai ga Lin tana ɗingishi, ta zo ta rungume ta ƙam.

Ni da nake ta zullumin wa zai kula mini da ita, ashe ita ce za ta ɗauko wa wata kayanta.

Iyaye, yaushe naku suka taɓa sa ku sakin baki haka?