Shefali da Saniyar Tsoho Sobahan

Gari na wayewa za ka hangi Shefali a kan ganuwar da ta raba ƙauyenmu da teku, rediyo manne a kunne, lasifika rataye a kafaɗa, bakin nan ja wur da ganyen pan da take taunawa kamar goro. Daga nan ta leƙa makarantar nan mai dogayen ƙafafu inda muke fakewa in guguwa ta taso, ta duba randunan ruwa, ta yi wa mai gadi faɗan da ya saba sha. Bana gwiwoyi sun ce sun gaji, za ta miƙa lasifikar. Ni kuwa na rantse ba za ta sauka shiru ba, sai na yaba mata.

Ita ta koya wa matanmu naɗe gashi da ɗaure zanensu na sari tamau, don kada ruwa ya samu abin kamawa. Amma abin da ba mu mantawa shi ne shekarar babbar guguwa. An ɗaga tutocin gargaɗi, kowa ya haye makaranta, saura tsoho Sobahan mai kwalekwale, sarkin taurin kai, zaune kusa da saniyarsa Lali.

"Baba, tashi mu tafi, teku na tafe," in ji Shefali.

"Ya zo mana! Tun ba a haifi uwarki ba muka san juna. In bar wa ɓarayi Lali? Allah ya kiyaye!"

Shefali ta nufi turken Lali. Ta kwance igiyar, ta ja saniyar, ta yi gaba abinta.

"Ɓarauniya! Jama'a, ku tare ta!"

Haka ya biyo ta a guje, zanensa a hannu, yana zuba mata zagi har tudun dabbobi da ke jikin makaranta. Mu da ke sama muka yi ta dariya har da hawaye. Washegari, inda gidansa yake ko tsinke ba a samu ba.

Shefali, ke ce mai jan mutum zuwa tsira ko yana zaginki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Matasa, ga lasifika nan, kada ta kwana a ƙasa.

Sobahan dai har yau bai ce ya gode ba. Sai dai kullum da safe yakan dire kwanon madara a ƙofarta, ya ɗaga murya: "Fito ki ɗauki rabonki, ɓarauniya!"