Ranar da aka sayi shafin da hotunan Baba suke

Na shiga kafen intanet a Fatakwal bayan tashi daga aiki, na buɗe ɗan shafin intanet da na ajiye hotunan marigayi Baba a ciki, sai ga sanarwa: wani babban kamfanin sada zumunta ya saye shi, za a rufe.

Hotuna huɗu ne kacal, yana tsugune bakin kanal a Bunkure yana ba tumatirinsa ruwa. Ba mu da wasu. Ni kuwa na sha ganin yadda manya ke yi in sun sayi wuri.

Na kira yayana a gida, raina a ɓace.

Ya ce, "Kai Sale, in ka sayi gona da albasar wani a ciki, tumɓukewa kake yi?"

Na ce, "A'a Yaya, jira ake ya cire abinsa."

"To, koma ka karanta sanarwar har ƙarshe."

Ashe sun ba kowa lokaci ya kwashe nasa. Na sa aka wanke min huɗun, na ba direba ya kai wa Inna.

Har gobe ba na son masu haɗiye ƙanana, amma waɗannan sun jira ni, na gode musu. Ku fa, wa ya taɓa jiran ku haka?