Ƙwaryar Esansi

Ranar wata Alhamis ce, cikin watan tara na manoma, shekarar da na gama aji biyu a lakwal ɗin Madarumfa, makarantar bokon garinmu. Muna gindin tsamiyar ƙofar gida ni da ƙawayena muna carafke, sai hadari ya haɗo daga gabas, baƙi wuluk, har kaji suka fara neman akurki tun la'asar ba ta yi ba. Iska ta riga ruwa isowa. Ina gani ta ɗaga jinkar rumbunmu ta kifa ta a cikin gidan maƙwabta, danni ya kwanta, awaki suka tsinke igiya. Ruwan da ya biyo baya bai ɗauke ba sai da ya kwana uku. Tabki ya cika ya hau gonakin bakin ruwa, geron da ya fara ƙunsa ya kwanta cikin laka, kuma duk inda ka saurara a gari sai ka ji rugugin katangar wani tana zubewa.

Da gari ya washe muka ɗauka wahala ta wuce, ashe ta tsaya can kan hanya tana jira. A wancan zamani kananzir da esansi, wato man mota, daga Kano suke zuwa mana, ta Katsina da Jibiya, kuma ruwa ya yanke hanyar a wurare da dama. Kananzir ne ya fara ɓacewa. Mata suka zaƙulo tsofaffin fitilun ƙasa, aka koma zuba man gyaɗa da murza tsumma a yi lagwani, ɗaki ya cika da hayaƙi da ƙauri. Sai esansi ya bi. Mota ɗaya tal ke shigowa garinmu, kamiyon da Mamman shofer yake tuƙawa, ɗan unguwarmu ne, yana kwasar gyaɗa da kaka, da damina kuma ya kai mutane kasuwar Maraɗi. Sati bai cika ba aka turo kamiyon da hannu zuwa bakin kasuwa, aka sa masa duwatsu a ƙafa. Mu yara muka mayar da shi wurin ɓuya, kaji kuma suka samu inuwa. Mai kanti guda ne ya rage da sauran garwa a ƙarƙashin gadonsa, kuma kwalbar da ake saye ba ciniki ta kai sai mutum ya kama akuya kafin ya tunkare shi.

Kwana tara bayan ruwan, Baba ya shiga gyaran rumbu. Mutum ne marar yawan magana, mai son yin aikinsa da kansa, ko gayya ba ya son kira. Ya sa hannu zai ɗaga jiƙaƙƙen karan da ya ruɓe a gindin rumbun, kububuwa ta sare shi a tsintsiyar hannu. Aka ɗaure, aka tsaga, liman ya yi rubutu aka wanke masa, aka aika wajen garin Gabi aka ɗauko wani tsohon Ba'azne da ya yi suna wajen maganin sara. Ya kwana yana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Da safe hannun ya kai girman taɓarya, jini yana tsattsafowa daga dasashin Baba, har tsohon tabon da lauje ya yi masa a ƙafa ya buɗe. Tsohon ya tattara layunsa ya ce da Inna, "Wanga ya fi ƙarfina. Ku kai shi ga allurar Nasara, kuma kada a ɗora shi bisa jaki, girgiza za ta ƙarasa shi."

Mamman ya ce hanyar Maraɗi ta sha iska, mota za ta wuce, amma ba zai tayar da ita ba sai da kwalba goma. Inna ta kwance ragon da take kiwo don layya ta ja shi zuwa kanti. Mai kantin ya tuntsurar da garwarsa har ɗigon ƙarshe, kwalba biyar ta fito. Saura biyar, kuma babu sauran mai sayarwa a garin ko da za a ba shi saniya.

A nan ne Iya, mahaifiyar Baba, ta miƙe. Baba ɗanta ne na fari, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan". Tun da aka sare shi ba ta leƙa ɗakin ba, don kunyar ɗan fari ba ta bari uwa ta zauna kusa da shi tana share masa zufa mutane suna kallo. Tana bayan ɗaki tana sussukar da ba wanda ya sa ta. Da ta ji maganar kwalba biyar sai ta ajiye taɓarya ta ce, in ana yi wa amarya gudummawar hatsi gida gida, ba ta ga abin da zai hana a yi wa mai ciwo gudummawar mai ba. Ta shiga ɗaki ta sauko da babbar ƙwaryarta sabuwa dal, mai zane, wadda ta ajiye ba ta yarda kowa ya taɓa, ta ɗora mata sabon faifai. "Abin da za ka roƙa a gidan mutane," in ji ta, "ba ka zuwa masa da tsohon kwano, sai su ce ka raina kyautarsu." Ta naɗa gammo ta ɗora mini. "Taho, ƴar lakwal. Yau mu ga ko bokon ya bar miki wuyan ɗaukar kaya."

Ban taɓa sanin akwai esansi a ɗakunan garinmu haka ba sai ranar. Tsofaffin sojan da suka dawo daga yaƙin Faransa kowa yana da ƴar kwalbar da yake ɗura wa birike, ƙyastun da suke kunna taba da shi. Tela yana da wanda yake wanke keken ɗinkinsa da shi. Mata da yawa sun ɓoye kaɗan a kwalbar turare, don kwarkwata ko ciwon haƙori. Mushe, malamin da ke koya mana lissafi, ya kwantar da motonsa, wato babur, a ƙasa ya tsiyaye ta da kansa, sa'an nan ya dafa kaina. Wani tsohon soja mai ƙafa ɗaya ya juye tasa yana cewa, "Iya, kin raba ni da taba. In ya warke, shi zai riƙa zuwa yana ɗebo mini garwashi." Iya ta ce, "Dama tarinka ya hana unguwa barci." Ba gidan da muka shiga aka ce babu alhali akwai. Kowa sai ya ɗaga faifan, ya zuba nasa, ya ce Allah ya ba da lafiya, Iya ta mayar da faifai, mu wuce.

Tun hantsi muke tafe. Muka gama gari, muka zaga ƙauyukan bakin tabki, ta cikin taɓo da ciyawa mai jiƙa zane. Rana irin ta bayan ruwa ta buɗe, mai zafi kamar ana gasa mutum. Warin man ya cika mini hanci, ya sauko maƙogwaro, kaina ya riƙa juyawa, amma na riƙe ƙwaryar da hannu biyu, ina taka ƙasa a hankali kamar mai tafiya bisa ƙwai. Iya tana gaba tana ja da carbi. Ita ba ta san lissafin lakwal ba, amma duk abin da aka zuba tana riƙe da shi a ka, kuma a ƙauye na ƙarshe ta ce mun kai biyar har da ɗoriya.

A bakin gari, gab da azahar, ta ce in sauke ta duba. Ta ɗaga faifan, ta tsoma yatsa, ta fitar, ta sake tsomawa. Man bai kai inda ya kai ba tun muna gidan mushe.

"Ina kika zubar?"

Na ce, "Wallahi Iya ban zubar ba."

"Kar ki haɗa da Allah. Na ji kina tangaɗi a bayana."

Na ce ta taɓa gammon ta ji, a bushe yake. Ba ta taɓa ba. Ta ɗauke ni da mari, karo na farko kuma na ƙarshe a rayuwarta, sa'an nan ta ɗauki ƙwaryar da kanta.

Mamman yana jira da mazurari. Da ya ga abin da muka zo da shi sai ya ce, "Iya, wa ya ce ku sa shi a ƙwarya?" Iya ta ce, "Sabuwa ce. Ko fura ba ta taɓa gani ba. Yarinyar ce ta ɓarar a hanya." Ya buɗe baki, ya dubi tsohuwar, ya dube ni, sai ya rufe. Ya tace man da ƙyallen rawani, kwalba biyu da ɗan kaɗan. Ya ce za su tafi a haka, in an samu gangare zai kashe mota ta gangara da kanta, sauran kuma na Allah ne. Aka shimfiɗa tabarma da buhunan gyaɗa a bayan kamiyon, aka fito da Baba a kan asabari. Leɓunansa sun yi fari. Ya neme ni da ido ya ce, "Rabi, ki ba awakin nan ruwa, na ji suna kuka." Iyakar maganarmu ke nan. Iya ta juya baya tana gyaran danni har ƙarar motar ta ɓace.

Sun wuce Safo da kaɗan mota ta yi tari ta tsaya. Inna ce ta ba ni labarin daga baya. Babu itace a wurin sai wani gawo, shi kuwa gawo ba ya da ganye da damina, sai ta cire mayafinta ita da ƙanin Baba suka riƙe masa a kai. Mamman ya ɗauki kwalba ya bi hanya da gudu zuwa Maraɗi. Ya sha yawo kafin ya samu wanda ya tausaya masa, ya dawo rana tana shirin faɗuwa, ya tarar an riga an rufe wa Baba fuska tun la'asar. Da man da ya samo aka juyo da gawar gida.

Iya ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta karɓi gaisuwa tana cewa sai haƙuri, kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu. Ba ta sake tayar da zancen ƙwaryar ba, ba ta rage mini komai ba, tuwonta da ƙuli-ƙulinta duk ina ci. Abu ɗaya ne ya sake: ba ta ƙara ba ni wani abu mai ruwa in ɗauka ba, ko nonon da ake aika ni saye wajen Fulani sai ta tura wata. Ni kuwa tun ina cewa ban zubar ba har na fara shakka. Na tuna jirin da na yi, na tuna wani wuri da santsi ya ɗan ja ni. A hankali na yarda. Na girma ina ɗauke da cewa kwalba ukun da suka hana Baba isa ga lokotoro, likitan Maraɗi, a hannuna suka zube. Duk sallar da na yi sai na roƙi gafara a kai, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna.

Sai da na shiga kolej, ina ƴar shekara goma sha biyar. Wata rana malamin kimiyya ya shigo da esansi, ya zuba rabi a faranti, ya bar rabi a kwalba ya toshe, ya ajiye su a taga cikin rana, ya ci gaba da darasi. Kafin a buga ƙararrawa ya ɗaga farantin ya kifa. Ko ɗigo bai sauko ba. Kwalbar kuwa tana nan yadda take. Ya ce shi wannan mai iska yake bi, kuma in abin da aka zuba shi busasshe ne mai shan ruwa, shi ma sai ya sha rabonsa. Ƴan aji suna dariya suna cewa aljannu sun shanye. Ni na tashi ban nemi izini ba, na fita bayan aji na durƙusa. A nan na gane abin da Mamman ya so faɗi, da dalilin da ya sa ya haɗiye.

Da aka ba da hutu na zo gida da maganar a bakina, na yi ta bitarta a mota. Na tarar da Iya a zaure tana ɓarar gyaɗa da lalube, don idonta ya riga ya tafi. Na zauna na ce, "Iya, kin tuna ranar da muka yi yawon mai?" Hannunta ya tsaya. Sa'an nan ta laluba ta kama gwiwata. "Ashe yana ranki har yau. Na yafe miki tun tuni, ɗiyata. Yarinta ce. Kwanan wancan ne ya ƙare." Na dubi hannun, duk jijiya, na tuna yadda ta zaɓi mafi kyawun abin da ta mallaka, ta rufe da sabon faifai don girmama kyautar mutane, ta yi wa ɗanta iyakar hidimar da kunya ta bar mata. In na sauke kayan nan daga kaina, babu inda za su sauka sai kanta. Na ce, "Na gode, Iya." Na jawo kwandon muka ci gaba da ɓara. Ta rasu bayan damina biyu.

Yanzu hanyar Maraɗi ba ta kai a gama hira a mota ba, kuma ko'ina ka duba ga esansi jere a kwalabe bakin titi, kowace da murfinta. Har yau in ruwa ya yanke hanya yakan yi tsada, ƴaƴana su dawo suna ƙorafin layi da farashi, su ce ban san wahalar ba tunda ba na tuƙi. Abin da nake kewa shi ne garin da mace za ta fita da hannu wofi, kowane gida a juye mata ɗan abin da ya rage ba tare da an tambayi yaushe za ta mayar ba. Inna ma ta tafi ba ta ji wannan labari ba, kuma ban rubuta shi ba sai da na tabbata babu sauran wanda zai yi wa ciwo. Allah ya san ban zubar ba, kuma ya san Iya ma ba ta zubar ba.