Wayar da Ke Yawo a Madadin Dogo

Dogo ba ya iya zama wuri ɗaya. Aikin abokin nawa gwada manhajojin waya kafin a sake su ga jama'a, kuma da ƙafa yake yin sa. Zai cika aljihu da wayoyin ofis, ya hau bas, ya shiga ƙarƙashin gada inda sabis ke ɗaukewa, ya tsaya cikin rana ya ga ko rubutu na karantuwa. Daga nan ya biya gidan mahaifiyarsa ya miƙa mata. In yatsan tsohuwa ya kasa samun wurin dannawa, to manhajar ta faɗi.

Sai ciwon ƙoda ya kama shi, ƙafafu suka kumbura. A daidai lokacin ofis ya kwashe wayoyin, aka koma gwaji da wayar kwaikwayo, wadda ke cikin kwamfuta kawai.

"Yi zamanka a gida, Dogo," in ji oga. "Raunin sabis, ƙarancin caji, har tafiya a titi, duk dannawa ake yi."

Aiki dai ya tsira, da shi ya riƙe iyali. Amma duniyarsa ta koma ɗaki ɗaya a hawa na uku: tebur, gado, da taga mai kallon bangon maƙwabta. Matakala ta fi ƙarfinsa.

"Wannan waya ba ta zafi, ba ta faɗuwa ƙasa," yakan ce wa matarsa. "Ni da ita duk a kulle muke."

"Ita dai ba ta yi min mita," ta ce, tana gyara masa matashi.

Burinsa bai wuce ya sake taka ƙofar tsohuwa ba, ita kuma gwiwa ta hana ta hawa bene. Likita kullum sai ya ce a bari kumburi ya sauka. Saboda haka kowace safiya yakan zana wa wayar kwaikwayon hanya a taswira. Ɗigon shuɗi ya fita daga gida, ya bi ta gada a hankali, ya tsaya ƙofar gidansu. Sai ya buga mata waya.

"Mama, na iso, buɗe."

"Ja'iri, cire takalminka tukuna."

Kumburin bai sauka ba. Allah ya jiƙan abokina.

Ranar da muka je mayar wa ofis kayansu, matarsa ta taɓa kwamfutar, fuskar ta kawo haske. Ɗigon na nan tsaye a ƙofar tsohuwa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mu dawo gobe.