Jarumi Mai Zanen Goyo

A layin bayan tsohuwar silima kowa Mai Fenti yake ce masa, har matarsa, Allah ya ji ƙanta. Idan sabon fim ya zo, manaja zai aiko masa da ɗan hoto kamar tafin hannu, shi kuma ya mayar da shi ƙaton allo a kafa a bakin ƙofa. Ana ba shi tikitin kyauta, amma bai taɓa shiga kallo ba. Matar ta rasu ta bar masa jaririya, wa zai bar wa ita?

Da ita yake aiki. Sai ya goya ta da jan zanen uwarta, ya hau tsani da burushi a hannu, mutanen layi suna ta dariya. Mai gyaran rediyo har suna ya laƙa masa: Inna.

Wata rana aka aiko da hoton wani jarumi mai tashi sama, ƙirji kamar ƙyauren shago, da jan ƙyalle yana kaɗawa a bayansa. Mai Fenti ya juya hoton, ya sake juyawa. Me ƙato zai yi da zane a baya in ba goyo ba? Sai ya zana shi yana keta hayaƙi, ga ɗan kan yaro yana leƙowa ta kafaɗarsa. Manaja ya yi faɗa kamar zai ari baki, amma lokaci ya ƙure, aka kafa allon a haka.

Da wannan labarin yarinya ta tashi. Yana wanke burushi a kananzir yana ba ta labarin: mugu ya cinna wa gari wuta, jarumi ya sauko, ya goya mutane ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure tam. Idan yara suka tsokane ta da "'yar Inna", sai ta ja su ta nuna musu allon, wanda uban ya adana a gida.

Yau silimar ta zama ɗakin ajiyar siminti. Idanun Mai Fenti sun yi rauni, yatsunsa sun daina riƙe burushi. Ran nan 'yar ta zo da jaririnta da kwamfuta, ta ce ta samo tsohon fim ɗin, su kalla tare. Ya san a idonta shi da jarumin abu ɗaya ne. In goyon ya tashi ƙarya, ya koma Inna ke nan, abin dariyar layi.

Suka kalla. Jarumi ya yi ta naushi, ya rushe benaye, ya ɗaga mota ya maka wa mugu. Ƙyallen sai kaɗawa, bai tsinana komai ba. Da wani yaro ya faɗo daga bene, ya cafe shi, ya dire shi a titi, ya tashi abinsa.

"Ashe bai goya kowa ba," in ji tsohon, idonsa a ƙasa.

"Na sani, Baba. Tun ina makaranta na kalle shi." Ta rufe kwamfutar. "Ka ga yadda ya riƙo yaron nan da hannu ɗaya kamar kaza? Ya ajiye shi a titi, ko waiwaye babu. Ni ba a taɓa ajiye ni ba."

Ta buɗe jakarta ta fito da jan zanen, ya koɗe, duk ɗigon fenti.

"Nawa ɗaurin kwancewa yake yi. Koya mini naka."

Ya ce ta juya, ya ɗora mata jikansa a baya. Yatsun nan da suka gaza da burushi ba su manta ƙullin ba.