Wushiryar Tukur

A kasuwar Dutsin-Ma kowa ya san Lado mai cigiya. In akuyarka ta ɓata, ko yaronka, shi za ka nema. Takarda ba ya riƙewa, kansa ne rumbunsa. Ka ba shi kamanni uku ko huɗu, sai ya lumshe ido ya tace duk abin da ya gani a makon.

Dokarsa ɗaya ce, kuma taurin kansa a kanta ya sha ba ni haushi: sai kamannin sun cika duka. Ka ce jar akuya mai karyayyen ƙaho, ya ga ja mai ƙaho lafiyayye, ko kallonta ba zai sake yi ba. Ya ce da haka yake hana ɓarayi karɓar abin da ba nasu ba, kuma da gaskiyarsa.

Shekarar da aka yi fari, tamanin da huɗu, Saudatu ta tako daga Barkiya ta ƙasar Kurfi. Mijinta Tukur ya fita ci-rani bayan shanunsa sun mutu, shiru har damina.

"Baba Lado, dogo ne, mai jiki, mai wushirya, ga yawan dariya."

Lado ya lumshe ido. Akwai wani sabon ɗan dako a tasha da ake kira Dogo, amma ramamme ne, ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Kama ɗaya cikin huɗu.

"Ɗiyata, babu shi nan garin," in ji Lado.

Duk da haka ya zaga kasuwa yana kiran sunan Tukur na Barkiya. Dogo na jinsa, kunyar komawa gida hannu wofi ta hana shi amsawa.

Da kaka zazzaɓi ya kashe ɗan dakon. Ba shi da kowa, sai Lado ya yi masa wanka. Garin ɗaure haɓa ya ga wushirya. Ya aika Barkiya, Saudatu ta zo bayan an rufe shi, ta gane hular da ta ɗinka masa da hannunta. Ta ɗauki hular ta koma gida, kuma wannan ya fi zagi ƙona Lado.

Ya ci gaba da cigiya har ƙarfinsa ya ƙare, amma ya saki dokarsa. Ko kama ɗaya ta dace, sai ya taka ya je ya duba. In mace ta gama jera masa kamannin mijinta, yakan ce a hankali:

"To ɗiyata, cire waɗanda yunwa ke iya ci. Me ya rage?"